Ranar da Allura Ta Sauka

Ranar da allurar ma'aunin zafin motar ta sauka, bakanike ya yi dariya karon farko cikin kwana bakwai. Da la'asar ke nan. Kafin a kira magariba, dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidansa.

Motar ta wani likita ce, ja, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Man injinta ne ke zafi fiye da kima. Bakanike bai yarda ta kwana a gareji ba, ya shigo da ita tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Tun ranar farko ya gano cutar: laka ta toshe ƙaramin lagireton da ke sanyaya mai. Ya wanke shi, ya juye tsohon mai da zafinsa a bokiti, ya watsa bayan katanga dab da magariba, yana sauri.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Washegari yana murɗa makulli, tun injin bai tashi ba, allura ta hau ja. Ya canza sansa mai auna zafi, ya canza filta, ya kwance famfon mai ya mayar. Da ya shiga ƙarƙashi ya taɓa kaskon mai, sai ya ji shi zau, alhali motar ta kwana a kashe. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa abokan sana'a dariya in mota ta gagare su, yau ga shi yana ƙirga wayoyi kamar sabon shiga. Ran kwana na bakwai kuwa, bai taɓa komai ba, allura ta sauka da kanta, ƙarfe ya yi sanyi ƙalau. Gogan naka har da cewa matarsa, "Ai na gaya miki, ba motar da ta fi ƙarfina."

Duwatsu suka ci gaba da sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jifa. Sai ga Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, ta fito daga ɗaki ta durƙusa gefen motar, tana lallashin wani abu da muryar tsohuwa. Uwar ta kama hannunta, ta saki da sauri. Jikin yarinyar kamar garwashi.

Haka aka yi magariba uku. Auta ta daina ci, idanunta suka faɗa. Bakanike bai yi kuka ba, bai yi addu'ar kirki ba. Zuciyarsa ta mutu murus, yana kallon 'yarsa tana ƙarewa kamar ba tasa ba, kuma wannan rashin jin ya fi komai ba shi tsoro.

Matar ce ta nemo malamin ruƙiya, wani dattijo marar yawan magana. Ya zauna kan tabarma ya yi ta karatu har yarinyar ta ɗago kai.

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Bayan katanga muke tun ba a gina gidan nan ba."

"Me suka yi miki?"

Idanun Auta suka juyo kan ubanta. "Shi ya sani. Ɗana yana wasa ya sheƙa masa tafasasshen mai. Na rasa wuri mai sanyi, na kwantar da shi jikin ƙarfen motar nan. Kwana bakwai yana ƙuna, wannan yana zungurar mu da sifana. Ranar da yaron ya cika, jikinsa ya yi sanyi, na ji mutumin nan yana dariya."

Bakanike ya dubi hannuwansa. Baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce.

"Bai gan ku ba," in ji malam. "Ba da gangan ya yi ba."

"Bismillah kalma nawa ce, malam? Da ya faɗa, da mun kauce. Ni 'yarsa nake so a madadin ɗana."

"Yarinyar ba ta zuba mai ba. Ki ji tsoron Allah, kada ki ɗora wa wata uwa abin da aka ɗora miki."

Matar bakanike tana kuka ƙasa-ƙasa, muryar kuma kamar tana saurarenta.

"To ya ture motar daga kan ɗana, in ɗauke shi in tafi. Da hannu. Kada ya tada masa injin a ka."

Bakanike ya miƙe ya saki birki, ya ce bismillah, ya sa kafaɗa ya tura. Ƙarƙashin motar babu komai sai ƙasa da ɗigon mai ɗaya. Auta ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin uwarta tana neman ruwa.

Bayan kwana biyu likita ya zo. Ya zagaya da motar, ya dawo yana murna, allura tana zaune daram.

"Kai, hannunka da albarka! Yaya ka yi ta huce?"

Bakanike ya miƙa masa takardun motar, yana kallon katanga.

"Ba ni na yi ba," in ji shi.