Hannun Da Ke Riƙe Da Igiya

Mala ya dawo daga Ikko da takardar nutso, ya ajiye hotuna uku a kan tabarmata.

Ni ne Gana. Aikina rijiya: in haƙa, in yashe, in tsamo abin da ya faɗa. Shekara arba'in ina yi, daga Fagge har Rijiyar Lemo. Karatuna bai wuce na sallah ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana ni da matata Bintu, ita ce Zinariya.

Mala ɗan maƙwabcina ne. Shekara uku kafin wannan rana ya aiko a nema masa aurenta. Lokacin yana awon yadi a Kantin Kwari. Na ce wa manzanninsa ba na ba da 'yata ga wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.

Ni na faɗa na manta. Shi bai manta ba. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi bakin teku, ya shiga wani kamfanin jiragen ruwa. Can suka koya masa shiga ƙarƙashin ruwa da tulun iska a baya, da gilashi a fuska, da takalmi kamar ƙafar agwagwa. Ita kuma Zinariya duk wanda ya yi sallama sai ta ce kanta na ciwo. Shekara uku kan bai warke ba. Ban matsa mata ba.

"Baba, na jiƙa ƙafar," in ji shi, yana durƙushe a zaure.

"Na gani. Waɗannan fa?"

"Tsibirai ne. Duk wanda ya karɓi takarda bana, an ce ya zaɓi inda zai fara aiki. Kuma ana ba mai iyali ɗaki..."

Na gane inda ya dosa.

Ya karanta mini sunayensu. Na Nasara ne, ba su zauna a bakina ba. Sai ya faɗa mini waɗanda shi da abokan aikinsa suka raɗa musu. Na farko Mai Kwakwa, itatuwa har bakin ruwa, amma igiyar ruwansa na ja. Na biyu Mai Jirgi, inda wani jirgi ya nutse gaba ashirin a ƙasa, ana son a ciro kayansa. Na uku Mai Rairayi, ɗan ƙarami, ba abin kallo. Ruwan a kwance, gaba huɗu, daga sama ana hango ƙasa. Aikin wurin duba gindin jirage da ginshiƙan gada.

"Kai wanne ka zaɓa?"

"Mai Jirgi, Baba."

"Don me?"

"Can maza suke."

"Ɗebe hotunanka. Zan neme ka."

Da la'asar Bintu ta bar Mala da Zinariya su gaisa a bakin ƙofar tsakar gida. Ina zaure ina tufkar igiya. Ban kasa kunne ba. Katangar ce siririya.

"Ka rame, Mala..."

"Tunaninki ne, Zinariyata. Ko a ƙarƙashin teku, in na rufe ido ke nake gani!"

"To ka daina rufe ido a ruwa, kar ka ja mini takaba tun ban shiga ɗaki ba!"

Suka yi dariya. Na ji motsin takarda.

"Wayyo, dubi wannan! Kwakwa kamar an jera! Nan za ka kai ni, ko?"

"Hasken idona, ba can ba. Mai Jirgi."

"Wannan baƙin ruwan?"

"In na ciro kayan jirgin nan, Baba ba zai sake kallona a matsayin mai awon yadi ba."

"Ni mai awon yadin na so... Ban aike ka ƙasan teku ba."

"Ke ba ki aike ni ba. Shi ya aike ni."

Igiyar ta tsaya a hannuna. Na daɗe ban ci gaba da tufka ba.

Washegari na tafi Sabon Gari wurin Sylvester. Maƙerin kwano ne, shi ke yi mini guga da ƙugiya shekara ashirin. Da ƙuruciya ya yi aikin gona a wani tsibiri, ya san teku. Ɗansa Ifeanyi tare suka tafi Ikko da Mala, tare suka karɓi takarda.

"Malam Gana! Yau rijiyar wa ta ci guga?"

"Ba guga ba. Suruki."

Ya ajiye guduma, ya ba ni kujera. Matarsa Veronica ta kawo mini ruwa a kofin da take ajiye mini ni kaɗai.

"Ɗanka wanne ya zaɓa?" na tambaya.

"Ba shi ya zaɓa ba, ga mai zaɓen nan," ya nuna matar.

"Mai Rairayi," in ji Veronica. "Na sa ya rantse. Shekara guda a ruwan da ake ganin ƙasansa. Bayan nan ya je inda ya ga dama. Shi ke nan gare ni, Malam. Ba ni da wani."

Aka kira Ifeanyi. Dogo ne, ba ya yawan magana. Na so shi don haka.

"Yaya kuke aikin?"

"Biyu-biyu, Baba. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a kwalekwale riƙe da igiya. Ja ɗaya, tsaya. Ja biyu, sako. Ja uku, jawo ni."

"Wa ke riƙe wa Mala?"

"Ni. Wata goma sha takwas. Shi ma shi ke riƙe mini."

"In ya tafi Mai Jirgi fa?"

"Za su ba shi wani."

"Wa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wanda aka samu."

"Malaminku me ya ce?"

"Ya ce sabon hannu ya fara da ruwa mai haske, marar ja. Mala ya ji. Bai saurara ba ne."

Na sha ruwana na tashi. Na ce gobe da hantsi ya same ni a Kwaciri.

Akwai wata rijiya a can, gaba goma kafin ka taɓa ruwa, ruwan kuma gaba biyu. Guga biyu suka faɗa ciki. Da ma aikina ne. Na aika wa Mala ya zo ya nuna mini abin da ya koyo. Na kuma kira Dabo, ɗan dako, ƙato, wanda ke ɗaukar dilar yadi biyu a kai ɗaya.

Mala ya zo da gilashinsa. Tulun iska na kamfani ne, an bar shi a Ikko. Mata sun cika bakin katanga. Bintu da Zinariya na cikinsu, wai sun zo gaida masu gida.

Na ɗaura masa igiyata da kaina. Na miƙa wa Ifeanyi.

Mala ya sauka. Muka ji ya shiga ruwa.

Na kalli hannun Ifeanyi. Bai damƙe ba, bai saki ba. Igiyar na tafiya tsakanin yatsunsa kamar zare a hannun masaƙi. Kafin Mala ya ja, shi ya riga ya sako. Ba a jima ba ya jawo, ga guga a ɗaure. Mata suka yi guɗa.

"Saura ɗaya!" na yi kira cikin rijiyar.

"To, Baba!"

Na karɓi igiyar daga hannun Ifeanyi, na sa a hannun Dabo. Na gaya masa ƙa'idar, ya maimaita daidai. Ƙarshen igiyar na naɗe shi a kuguna, na tsaya bayansa. Ba wauta nake yi ba.

Mala ya nutse.

Ya ja biyu. Jiƙaƙƙiyar igiya kan haɗiye ja na farko, kowane mai rijiya ya san haka. Dabo ɗaya ya ji, sai ya tsaya cak. Mala ya sake jan biyu da sauri. Dabo ya haɗa da na farko, ya ce, "Uku!" Ya fizga da ƙarfin dila biyu.

"Sako! Cewa ya yi ka sako!" Ifeanyi ya yi ihu, ya zabura. Na tare shi da hannu ɗaya, na karɓi igiyar da ɗayan, na ɗago yaron a hankali.

Ya fito ba guga, kafaɗa ta goge da bango, yana tari. Bai kalli ciwon ba. Ifeanyi ya kalla.

"Ba kai ba ne," in ji Mala. "Wallahi tun ina ƙasa na san ba hannunka ba ne!"

"Yi haƙuri," in ji Dabo. "Yadda aka gaya mini na yi."

"Haka ne," na ce. "Dabo bai yi laifi ba. Ya fi Ifeanyi ƙarfi, ya kuma san ƙa'ida. Kai ne bai sani ba." Na juya ga Mala. "Nan gaba biyu ne, da rana tsaka, ina tsaye. Can gaba nawa ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ashirin."

"Shekara arba'in ban taɓa tambayar kyan rijiya ba. Wa ke sama nake tambaya."

"Baba, so nake ka ce na isa..."

"Maganar da na faɗa shekara uku baya, ban faɗe ta daidai ba."

Ban taɓa cewa haka ga wani mahaluƙi ba. Bintu ta ji daga bakin katanga. Har yau tana tuna mini.

Zinariya ta manta da kunya, ta taho da gudu, ta yage bakin gyalenta tana ɗaure masa kafaɗa, tana kuka tana faɗa.

"Baba, da ka kashe mini shi fa!"

"Ƙarshen igiyar na kuguna."

"Kai kuma, uban 'yan taurin kai! Jirgin da ya nutse, uwarka ce a ciki?"

"Zinariya, mutane na kallo..."

"Su kalla! Na fasa kwakwar ma. Rairayin nake so!"

Mala ya dubi Ifeanyi. Ifeanyi ya dubi sama kamar ba da shi ake ba.

"Mai Rairayi," in ji Mala. "In har za ka ci gaba da riƙe mini."

"To wa zan riƙe wa? Dabo?"

Har Dabo ya yi dariya. Ni na sauka na ciro gugan na biyu. Ifeanyi ya riƙe mini. Hannun yaron na da kyau.

Bayan sati uku aka ɗaura aure a ƙofar gidana. Sylvester ya kawo tukwane shida da ya ƙera da hannunsa. Veronica ta zauna cikin mata, ta sha lalle har gwiwar hannu. Na ba Mala igiyata. Ya ce kamfani na da tasu. Na ce ban tambaye shi ba.

Saura kwana biyu su hau jirgi, zuciyata ta yi rauni. Ban saba ba. Na dubi ɗakin Zinariya, an kwashe kaya, sai tabon gado a ƙasa. Bayan azahar na tara su a tsakar gida.

"Na yi tunani. Mala ya tafi shi kaɗai. Zinariya ta zauna nan shekara guda. In ya ga yadda wurin yake, sai ta bi shi."

Mala ya dubi Zinariya. Ba zai musa mini ba.

"Don me, Baba?" in ji Zinariya.

"Wurin da nisa. Ba dangi. Ba ki san yarensu ba. Kullum zai shiga ruwa, ke kina bakin gaɓa kina ƙirga numfashi. Ba rayuwa ba ce."

"Inna, miƙo hannunki."

Bintu ta yi murmushi, ta buɗe tafukanta. Farin tabo ya ratsa kowanne, daga gefe zuwa gefe.

Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, bangon wata rijiya ya zube a kaina a Rijiyar Lemo. Mazan da ke sama suka watse. Bintu ta kawo mini abinci ne, da cikin Zinariya wata bakwai. Ta kama igiyar, ta zagaya da ita jikin dabino, ta riƙe. Igiyar ta ci naman hannunta. Ba ta saki ba har aka kawo ɗauki.

"Ranar nan da Inna na gidan iyayenta fa?" in ji Zinariya.

Na dubi Bintu ko za ta taimake ni.

"Kar ka kalle ni, Malam. Kai ka haife ta. Duk wannan kan naka ne."

Gaskiya ta faɗa. Tsayuwar yarinyar tawa ce, har yadda ta ɗaga haɓa. Na ji wani sanyi a ƙirjina, amma ban bari ya hau fuskata ba. Na gyara murya, na gwada sau ɗaya na ƙarshe.

"Wata shida, to. Ki zauna wata shida."

Ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna da nata biyu, idonta cike da hawaye, tana murmushi.

"Ka gafarce ni, Baba. Ko kwana ɗaya ba zan zauna ba."