Baƙin Dutsen Ƙarƙashin Randa

Ana gab da kiran magariba, Turai na durƙushe gaban murhu tana juya wani baƙin dutse cikin garwashi, sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Ta biyu ta fasa ƙwaryar tsaki. Ta uku ta wuce ta gefen kunnen 'yarta Mero da ke tankaɗe.

Shekarar ce Nasara suka kwashi maza zuwa haƙar kuza a Jos, aka haɗa da mijinta Mani, gardin ƙauyensu na Babban Duhu mai wasa da maciji. Ranar tafiya bai yi mata maganar gona ko awaki ba. Tsohuwar randar da mesarsa ke kwana a ciki ya nuna mata, ya ce, "Kada sanyi ya taɓa ta, kada kuma ki gasa ta. Ki sa bayan hannunki a ciki. In kin ji kamar jikin jariri, to ya yi."

Turai ba ta taɓa son mesar nan ba, amma ta riƙe maganar da hannu biyu. Da ɗari ya shigo, mesa ta daina ci, ta yi laƙwas. Toka mai zafi saurin hucewa take, garwashi kuma ƙona ƙaiƙayin shimfiɗa yake. Sai wata rana a gindin tsauni, wajen itace, ta tsinci dutsen nan mai faɗi da santsi. In ta gasa shi da yamma ta naɗe a tsumma ta tura ƙarƙashin randa, yakan riƙe ɗumi har asuba. Ta ɗauko abinta ba sallama, ba bisimilla.

Kwana uku ana jifa duk almuru. Maƙwabta suka daina shigowa ko ɗiban wuta. A na huɗu Mero ta ajiye rariya, ta zauna daɓas, haƙoranta na kaɗawa ko da an lulluɓa mata bargo biyu, ta ƙura wa randa ido tana gurnani da muryar da ba tata ba.

Tsoro ya kama Turai, amma haushi ya fi shi yawa. Ta aika garin Safana aka ɗauko Malam Armaya'u.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Ya yi alwala, ya zauna kan buzu, ya yi ta karatu a hankali yana tofa wa yarinyar, har gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Can ya ce, "Wane ne kai? Me ta yi maka?"

Bakin Mero ya buɗe, muryar tsoho ta fito. "Matashin kaina uwarta ta sace. Rana ke gasa mini shi, in kwana a kai. Yanzu tana ɗuma wa maciji jiki, ni ina kwanan sanyi."

"Za a mayar maka," in ji Malam. "Ka fita."

"Bai isa ba. A fitar da mesar waje ta kwana a raɓa, ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana."

Malam ya juyo. "Turai, dabba ce fa. Ga 'yarki."

"Allah gafarta Malam, dutse nasa ne, na yi laifi, zan kai masa da kaina. Amma mesa amana ce." Ta matso har gwiwarta na taɓa ta Mero, ta dubi idanun nan jajaye. "Kai kuma, da girmanka, ka rasa wanda za ka kama sai yarinya? Ga ni, ni na ɗauka. Mesa kuwa ba ta fita."

Muryar ta yi dariya. "Wa kike yi wa ajiya? Mai ita ba zai dawo ba."

"Ba kai ke busa rai ba," in ji Turai. Ba ta ja da baya ba.

Malam ya ɗaga karatu. Mero ta sandare, ta yi ta birgima, har muryar ta ce, "Na yarda! A kawo shi da zafinsa, kafin rana ta faɗi."

Turai ta ciro dutsen daga wuta, ta naɗe a tsumma ta aza a ka, ta kai shi gindin tsauni. Kafin ta dawo da tafukan hannu duk sun sale, Mero ta yi atishawa sau uku ta ce, "Inna, ruwa."

Ragowar ɗarin nan, Turai a jikinta take ɗuma mesa. Takan naɗe ta a zane ta ɗora a cikinta, tana tsine wa nauyinta, har gari ya waye. Mutane suka ce ta taɓu. Ta ci gaba da abinta.

Da bazara Lado, abokin tafiyar Mani, ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da layun Mani a ƙulle cikin hula. Ya kasa haɗa ido da ita. "Sanyin can ne, Turai. Ba bargo, ba wuta. Ya kama masa ƙirji."

Ta karɓa. Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta sa bayan hannunta cikin randa, hawaye na zuba kan ƙaiƙayi. Da ɗumi, kamar jikin jariri.

"Shi kun kashe shi da sanyi, ku Nasara," ta ce. "Wannan kam ba ku samu ba."