Keken Bara'atu Ya Kwana a Baranda

Rafi'u na tsugune a tsakar gida yana wanke baƙin walda daga hannunsa, sai ga wata budurwa ta shigo tana tura jan keke mai kwando a gaba. Bara'atu ke nan. Ta samu aikin koyarwa a wata makarantar yara a nan unguwar Asawase, ta zo zama wurin gwaggonta Asama'u mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake.

Gidan haya ne, ɗaki goma sha huɗu. Dokar mai gida ɗaya ce tak: ba a barin abu mai taya a tsakar gida, tun ranar da wata tsohuwa ta ci karo da babur ta yi wata uku a kwance.

"Sista, ina za ki kai shi?" in ji Rafi'u.

"Ɗakin Gwaggo."

"Ɗakin da tukwane suka cinye? Ita kanta Gwaggon a karkace take shiga."

Bara'atu ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Shi ke nan, an gama da Rafi'u. Ba na ganin laifinsa. Ni da "sannu da aiki" kawai aka kayar da ni, yau shekara ashirin da uku ban tashi ba.

Washegari ya ƙera ƙugiya biyu, ya kafa a bangon ɗakinsa, ya rataye jan keken ƙasa da nasa baƙin. Kullum da safe ya sauke mata, da yamma ya mayar. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malama, kekenki na gaishe ki. Ya ce bai taɓa samun masauki irin wannan ba."

"Ka ce masa kar ya saba, baƙo ne."

"Mai masaukin ya ce ya ɓoye masa takalmi, ba inda za shi."

Wata huɗu ana haka, ta koma Hasken Ɗakina, shi kuma Injiniyana.

Sai yayan Munira ya aiko mata da keken jariri daga Italiya. Munira bazawara ce a ɗaki na bakwai, tana da ɗa ɗaya, tana sayar da atamfa a kasuwar Race Course. Keken kuwa ƙato ne, da rumfa da aljihuna, ya ƙi shiga ƙofarta. Ta roƙi Rafi'u ya ajiye mata, shi kuma bai iya cewa a'a ba.

Kwana uku yana tsallake keken jaririn kafin ya kai ga katifarsa. A na huɗu, da hadari ya haɗo, ya yi lissafi irin na masu walda: wannan yadi ne, ruwa zai lalata shi, wancan ƙarfe ne. Ya sauke keken Bara'atu, ya ɗaure shi da sarƙa a baranda, ya rataye na Munira a ƙugiyar.

Da safe matan gida suka fito ɗibar ruwa, suka ga jan keke a waje yana ɗiga. A gidan haya wannan sanarwa ce. Kafin Bara'atu ta gama shan koko, mutum uku sun zo yi mata jaje.

Ta same shi yana goge sirdin da tsumma.

"Bar shi, kar ka wahala."

"Hasken Ɗakina, tsaya ki ji. Nata yadi ne..."

"Naka fa? Da auduga aka ƙera shi?"

Rafi'u ya daina gogar sirdin. Wallahi ko sau ɗaya tunanin fitar da nasa bai zo masa ba.

"Ƙugiyarki ce ta fi kusa da ƙasa," ya ce a hankali.

"Na gode da ka faɗa mini matsayina."

Ta karɓi makullin sarƙar ta tafi. Da yamma ta dawo a motar haya ta trotro, ba keke. Rafi'u ya bincika, aka ce yana shagon Yusif mai sayar da wayoyi, wanda dama mahaifinta Alhaji Hamadu, dillalin shanu, ya fi so ta aura. Ya bi ta ƙofar shagon sau biyar a yini ɗaya, alhali ba hanyarsa ba ce. Ga keken nan a kan tayil, fanka na kaɗa shi.

"Na ga an sa masa sabuwar ƙararrawa. Allah ya sanya alheri," ya rubuta mata.

"Amin. A can ba a fitar da shi cikin ruwa."

"Ni na ɗaure masa birki. Duk wanda ya taɓa shi ban yafe ba."

"Ka je ka ɗaure wa na Italiya."

Munira ce ta gaji. Ranar Lahadi ta tarar da Bara'atu tana wa Gwaggo tsintar wake, ta ja kujera ta zauna.

"Sista Bara'atu, wai ni kike kishi da ni? A kan Rafi'u? Mutumin da in na je ɗaukar keken ɗana sai ya tsare ni da labarin tayarki ta baya? Na san iskar da take sha, na san ranar da aka canja mata tub. Don Allah ki aure shi mu huta gaba ɗaya kraa."

Bara'atu ta ƙi dariya, amma waken da ta tsince sai ta zuba shi cikin tsakuwa.

Da manyan Rafi'u suka je neman aure, Alhaji Hamadu bai ɓoye ba. "Na ji labarin ɗakin nan. Ba zan kai 'yata garejin kekuna ba. Asama'u za ta auna. In gado da wadrob da kabad ɗin kwanuka sun shiga, na ba shi ita. In ba su shiga ba, Yusif na da ɗaki biyu a Bantama."

Rafi'u ya roƙi mai gida izini, ya yi sati yana ƙera kejin ƙarfe mai ƙofa a zaure. Keken Munira ya koma can, nasa ma ya bi. Jan keken ya dawo daga shagon Yusif, aka cire masa ƙararrawar, ya hau ƙugiyar sama.

Ranar awo Gwaggo Asama'u ta tuɓe silifas, ta fara taka ɗakin, diddige na bin yatsa. Gado ya samu wuri. Kabad ya samu. Ta zo bangon ƙarshe, inda jan keken ke rataye, ta tsaya.

"Wadrob nan zai tsaya. Sauke wannan."

"Gwaggo, a yi haƙuri. Wannan ba ya sauka."

"Kai, yaro, taku uku nake nema."

"Sau ɗaya na fitar da shi, na ga abin da na gani."

"To, sai in gaya wa Alhaji bai shiga ba."

Rafi'u bai matsa ba. Gwaggo ta sa silifas ɗinta.

Bara'atu dama tana bayan taga, wai shanya take. Ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta kama keken ta sauke da kanta.

"Injiniya, kai dai ba ka san lokacin da ake fitar da abu ba. Gwaggo, sake takawa."

Ta tura shi zaure, matan gida na kallo. Ta buɗe kejin, ta ja keken Munira gefe, ta cusa nata a tsakaninsa da na Rafi'u. Ta tsuguna ta duba, ta tabbatar babu tayar da ke taɓa wata sai tata, sannan ta kulle.

Gwaggo ta taka, taku uku suka cika har da rarar rabi.

Bayan Sallah babba aka ɗaura aure. Alhaji Hamadu ya ba da sa guda, Gwaggo ta dafa waakye tukunya shida, Munira ce ta fi kowa rawa. Da aka kawo amarya, tsofaffin gida suka dafa kanta suna addu'a: Allah ya ba da zaman lafiya, ya yalwata zuciya kafin ya yalwata ɗaki, ya kawo zuriya ɗayyiba.

Rafi'u ya ce amin da ƙarfi. Bara'atu ta ce tata a ƙarƙashin mayafi.