Haƙorin Bayan Keken Mai Ƙwai

Magariba ta kawo jiki, kaji sun shige akurki, hasken da ya rage a gidan bai fi na gane fuskar mutum ba. Mai Ƙwai yana durƙushe a zaure gaban kekensa, ya kifar da shi ƙafafu sama, sifana a hannu, gumi na bin gemunsa. Tun la'asar yake fama da abu ɗaya. Haƙorin baya, wato ɗan faifan ƙarfen da sarƙa ke hawa a jikin tayar baya, ya ƙi zama wuri guda.

Keken nasa ba irin na kowa ba ne. Kwanakin baya firiwil ɗinsa, wato haƙorin da ke barin taya ta yi ta gudu ko an daina tuƙi, ya fara ciwo, shi kuwa mutum ne mai kafiya, in ya ce ga hanya ko rijiya ce a gaba sai ya bi. Ya cire tayar bayan gaba ɗaya ya sa wata mai kafaffen haƙori, irin wadda in taya na juyawa dole feda ta juya, in kuma ka danne feda baya keken ya tsaya. Ya ce hakan ya fi wa mai ɗaukar ƙwai, don ƙafa ta fi birki tausayi. Tsohuwar tayar kuwa ya cilla ta kan rufin akurki ta danne kwano.

Tun daga ranar bai huta ba. Ya ɗaure haƙorin da yamma, ya wayi gari ya same shi a kwance. A gangaren kasuwa ya danne feda, ƙafarsa ta tafi a banza, ƙwai suka yi ta kansu a kan titi. Ya zagi wanda ya sayar masa da tayar, ya zagi wanda ya ƙera ta, har sifanar ma bai bari ba.

A wannan yammacin ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaure zoben kullen da ke riƙe haƙorin, ya ajiye sifana ya ɗauki buta. Bai kai bakin ƙofa ba ya ji iska ta taɓa ƙeyarsa. Ya waiwaya.

Feda tana juyawa baya. A hankali take tafiya, kamar hannun da ya gaji ne ke tura ta, tayar na bin ta ba ƙara ko kaɗan. Can sai ta fizga da ƙarfi, ƙarfe ya yi ƙiii, haƙorin da ya ɓata yamma yana ɗaurewa ya kwance a kan idonsa. Daga kusurwar zauren, inda babu komai sai tsofaffin kwalaye, wani siririn kuka ya taso irin na jinjiri. Tsakuwa ta faɗo kan rufi, wata ta biyo ta.

"Baban Auta, waye ke jifa?" matarsa ta tambaya daga tsakar gida.

"Yaran unguwa ne," in ji shi, alhali idonsa na kan kusurwar.

Da ma abin ya tsaya kan keke. Auta, 'yarsu ƙarama wadda ko tsakiyar cin abinci barci ke sace ta, ita ce ta daina barci. Da rana ta faɗi sai ta kwanta rigingine a tabarma, idanu a buɗe tar, ta ɗaga ƙafafu tana juya su a iska kamar mai tuƙa keke da baya. In uwar ta danne ƙafafun, sai jifa ta ƙaru a rufi. Kwanaki suka ja a haka, yarinya ta rame, idanunta suka faɗa, ko sunanta aka kira sai dai ta dube ka kamar daga nesa. Aka kai ta asibiti aka ba da maganin barci, ta sha kamar ta sha ruwa.

Shi kuwa gogan naka bai fasa ɗaure haƙori ba. Abin haushi ne a gani: mutum 'yarsa na narkewa a ɗaki, shi yana zaure yana faɗa da ƙarfe. Ba rashin so ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma sifana kaɗai ya san yadda ake riƙewa.

Ranar da Auta ta kasa ɗaga kofi, uwar ta zo ta tsaya a kansa.

"Wallahi ko ka je ka kira Malam, ko in ɗauki mayafina in je da kaina. Keken nan ne zai yi maka jika?"

Ya goge hannu a wando ya fita, a ƙafa.

Malam dattijo ne marar hayaniya, wanda ya daɗe yana karatu a kan masu irin wannan larura. Ya iso rana na shirin faɗuwa. Ya dubi keken da ke kife a zaure, ya dubi kusurwar kwalayen ya ɗan jima, sannan ya ce a shimfiɗa wa yarinyar tabarma a nan. Ya zauna daidai kanta ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsa ba. Ƙafafun Auta suka ɗaga, feda ta soma juyawa tare da su, tafiyarsu ɗaya.

Karatu ya yi nisa, sai yarinyar ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe, irin ta wadda ta daɗe ba ta runtsa ba.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni, ga goyo a bayana."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ubanta za ka tambaya. A zauren nan nake tun kafin ya sa masa ƙofa, ban taɓa fasa masa ko ƙwai ɗaya ba. Kullum magariba sai ya kifar da keken nan ya sa wa sarƙa mai, ya wulwula taya ya tafi alwala. Tayar tana ta ƙas-ƙas-ƙas har ta tsaya. Da wannan ƙarar ɗana ya saba barci tun ranar da na haife shi. Rana ɗaya mutumin nan ya kawo min kurmar taya. Na juya gaba shiru, na juya baya shiru. Ɗana bai ƙara barci ba. To, tasa 'yar ma ta ɗanɗana."

Tsoro da haushi suka haɗu wa Mai Ƙwai, haushin ya yi rinjaye.

"Au, ashe ke ce kika ja min asarar ƙwai a gangare!"

Idanun yarinyar suka juyo kansa, har sai da ya ja da baya.

"Kar ka ɗora min. Ni da magariba kawai nake taɓawa. Na gangare aikinka ne. Kana ɗaure zoben kulle tun ba ka murɗa haƙorin ya kai ƙarshen zarensa ba, don gaggawa. Ina kallonka kullum, har tausayi kake ba ni."

Matarsa ta kai gefen mayafi baki, ba a san kuka ta danne ba ko wani abu. Malam ya ɗaga hannu.

"Ki ji ni da kyau. Haƙƙinki daban, zalunci daban. Yarinyar nan ba ta san taya ba, ba ta san ɗanki ba. Za ki fita, ko in ci gaba daga inda na tsaya."

"Ya mayar da tsohuwar tayar jikin keken."

"Keke nasa ne, abincinsa ne, ba ki da hurumi a kai. Ƙara kike so ko keke?"

Siririn kukan nan ya sake tasowa daga kusurwa.

"Ƙarar," ta ce, muryar ta karye. "In na ji ta kafin jan sararin nan ya mutu, na fita, ba ni ba ita har abada. In duhu ya rufe ban ji ba, ka yi ta karatunka, sai dai mu ƙone tare."

Mai Ƙwai ya ruga ya jawo tayar daga kan akurki, kaji suka ɓarke da kuka. Ya kawo ta zaure ya sa yatsa ya tura firiwil ɗin baya. Ko gezau. Ruwan sama da kashin kaji sun shige shi, tsatsa ta kama 'yan harsunan cikin da ke yin ƙarar. Ya tura da ƙarfi har farcensa ya fashe. Ya leƙa waje, jan ya koma kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Sai ya rarumo guduma.

Matarsa ta riƙe masa hannu.

"Baban Auta, don Allah. Wannan karon kar ka yi faɗa da shi."

Ya dube ta, ya dubi ƙafafun 'yarsa da suka koma kamar sillen kara suna ta juyawa. Ya ajiye gudumar. Ya kwantar da tayar a cinyarsa, ya ɗiga kananzir a tsagin firiwil ɗin, ya jira. Jiran nan ya fi masa ɗaukar buhu wuya. Ya girgiza shi kaɗan gaba, kaɗan baya, jan ruwa ya fito. Ya ƙara ɗigawa, ya bi da mai, yana lallaɓa ƙarfen kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro. Zauren ya yi duhun da ba ya ganin yatsunsa sosai.

Ƙas.

Ya riƙe numfashi ya sake turawa. Ƙas-ƙas. Sannan abin ya saki gaba ɗaya, ƙarar ta zubo a jere, siririya, mai daɗi, wadda ya shekara yana ji bai taɓa saurara ba. Ya ci gaba da juyawa, hawaye na sauka kan hannunsa mai baƙin mai.

Kukan kusurwa ya ragu, ya koma shessheƙa, ya ɗauke. Ƙafafun Auta suka sauko kan tabarma a hankali. Ta yi atishawa, muryar nan ta ce, can ƙasa, "Na tafi. A rataye min ita inda hannuna zai kai." Feda ta tsaya cak. Yarinyar ta juya kan haƙarƙarinta, ta tura hannu ƙarƙashin kunci, numfashinta ya daidaita.

Malam ya yi addu'a ya shafa, ya ce a buga ƙusa a kusurwar a rataye tayar, a riƙa sa mata mai, kuma kada a tashi yarinyar ko za ta kai gobe war haka.

Washegari da yamma Mai Ƙwai ya kifar da kekensa. Ya kwance zoben kulle, ya murɗa haƙorin sannu a hankali har ya ji ya kai ƙarshen zarensa ya zauna daram, sannan ya mayar da zoben ya ɗaure. Ya danne feda baya da dukkan ƙarfinsa. Haƙori bai motsa ba. A kusurwa kuwa, tsohuwar tayar na rataye, firiwil ɗinta ya soma ƙas-ƙas-ƙas shi kaɗai.

Daɗi ya kama shi, ya ɗaga sifana sama ya buɗe murya.

"Ke, zo ki gani! Wallahi ya zau..."

Matarsa ta leƙo da sauri, yatsa a kan leɓe. Ta nuna ɗakin da Auta ke kwance, sannan ta nuna kusurwar.

"Rage murya, Baban Auta. Yara na barci."