Talatar Teku

A damunar 1991 Uwaisu ya shiga shagon kifin Alhaji Zuberu da ke unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, ya tsaya yana kallon wata ƙaguwa mai ɗauke da ƙwai.

"Wannan da an bar ta a ruwa," in ji shi.

Zinatu, 'yar mai shagon, ta goge hannu. "Malam, saye ka zo ko ta'aziyya?"

Ya yi dariya. Daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Mutumin Yawuri ne, ma'aikaci a gandun gaɓar teku na Pembrokeshire, inda hukuma ta keɓe wani yankin ruwa, ta taƙaita kamu a cikinsa. Idan aiki ya riƙe shi, kaset yake aiko mata:

"Zinariyata, ji ƙarar igiyar ruwa. Duwatsun nan sun yi fari da tsuntsaye, dabbobin ruwan da ake kira sil sun haihu a bakin kogo. Komai na nan da abokin zamansa, ban da ni."

Da maganar aure ta taso, Alhaji Zuberu, haifaffen zangon Sakandi a Gana, ya ƙi sam. Ya fi son Masawudu mai tasi, wanda bai taɓa yi wa kifi wa'azi ba.

"Mai hana kamun kifi ya auri ɗiyar mai kifi? Gobe ya yi mini reporting ke nan!"

Zinatu ba ta yi kuka ba, ko da yake saɓa wa uba abu ne mai nauyi a zuciya. Ta durƙusa.

"Baba, na yi booking na jirgin ƙasa. Ka je wurin aikinsa ka gani. In ka dawo ka ce a'a, na haƙura."

Ya tafi. Daga kan dutse Alhaji ya leƙa ruwa garau, kifaye na kai da kawowa a cikin ciyawar teku, ba taru ko ɗaya. Can ya hango Uwaisu a ƙaramin jirgi ya tare wani masunci, yana nuna masa iyaka cikin ladabi, har suka rabu da musafaha.

Tsohon ya zauna a kan dutsen. Shi ya san yadda kifin da ake kawo masa ke ƙanƙancewa kowace shekara, kuma bai taɓa fasa saye ba.

"A Sakandi," ya ce a hankali, "ran Talata ba mai shiga teku. Ana barin shi ya huta. Na manta."

Da Uwaisu ya hawo, jiƙe sharkaf, ya tsuguna.

"Barka da zuwa, Baba."

"Kai yaro, Talatarka ta yi tsawo. Turo manyanka."

Aka ɗaura auren a Camberwell bayan sallar Juma'a. Alhaji ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zuriya kamar ƙwan kifi. Wanda aka bari a ruwa."