Wanda Aka Bari A Kwazazzabon Yandarra

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Alhamis wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, cikin masu kora shanu ta sama a gandun kiwo na Corella, ya hango gawar. Tana kwance ƙarƙashin wata 'yar bishiya a gefen hanya, kilomita tara daga Kwazazzabon Yandarra.

Kafin tsakar rana Sufeto Desmond Tulloch ya sauka daga ƙaramin jirgin da ya kawo shi daga Alice Springs. Sajan Dion Maynard, ɗan sandan yankin, yana tsaye yana korar ƙudaje da hularsa.

"Clive Hannaford, shekara sittin da tara, tsohon shugaban makaranta," in ji Sajan. "Yana cikin ayarin 'yan yawon buɗe ido, mutum goma sha huɗu, mota biyu. Jiya ne kwanansu na tara a hanya. Sun tashi daga kwazazzabon da ƙarfe goma, ba wanda ya lura ba ya nan sai da suka isa Corella da la'asar. Sun komo nema, duhu ya hana su ganin sa."

"Rauni fa?"

"Babu, yallaɓai. Ƙishirwa ce. Zafin jiya ya kai digiri arba'in da huɗu, tafkin kwazazzabon kuma ya ƙafe tun watan jiya."

Sufeto ya durƙusa. Leɓunan mamacin sun tsattsage, ya cire takalmi ɗaya ya ajiye a gefe. Babu gorar ruwa ko ɗaya kusa da shi.

"Bi sawunsa har inda ya fara," ya ce. "Duk abin da ya yar, ina so. Ka same ni a Corella."

A Corella ayarin na zaune a inuwar rumfar kwano, shayi ya huce a kofuna ba wanda ya taɓa. Mai gandun ya ba Sufeto ɗakin da yake aikin ofis, aka fara kiran jagoran tafiyar, Warwick Petrovic, ƙaton mutum mai jan wuya wanda ya shekara ashirin yana bin wannan hanya.

"Ka ƙirga mutanenka kafin ka tayar da mota?"

"Kullum ina ƙirgawa. Ga takardar."

Sufeto ya karɓa ya duba. Kowane zango da layinsa, kowane suna da alamar biro a gabansa.

"Yau wace rana ce, Warwick?"

"Alhamis."

"To ya aka yi na ga ka ƙirga su a zangon ranar Asabar? Har da Clive. Ga shi nan, ka ce yana cikin mota."

Warwick ya kalli takardar, ya kalli bango. Ya goge fuska da tafin hannu.

"Ran Litinin na cike ta gaba ɗaya," ya ce a hankali. "Takardar ofis ce kawai, ba mai duba ta. Shekara ashirin ko kare ban taɓa mantawa a hanya ba."

"Jiya fa?"

"Na waiwaya na ga kujerarsa wayam. Na ce, 'Ina Clive?' Matarsa ta ce ya bi Marlene. Marlene ce ke tuƙa motar kaya, ita ke riga mu tashi don ta kafa tantuna. Sau biyu yana bin ta a baya, sai ban kawo komai ba."

"Kana da rediyon oba-oba. Ka kira ta ka tabbatar?"

Warwick ya dubi hannunsa. Can ya ce, "Daƙiƙa goma da ta ishe ni. Hannuna na kan abin, wallahi yana kai. Sai na ce a raina, bari mutane su huta da bakinsa."

Matar mamacin, Beryl Hannaford, 'yar siririyar tsohuwa ce mai farin gashi da aka yanke gajere. Ta zauna a bakin kujera, hannuwanta bisa cinya.

"Ina yi miki ta'aziyya, Uwargida Hannaford."

"Kira ni Beryl. Na gode."

"Ke kika ce wa Warwick mijinki na motar gaba?"

"Haka ya faɗa mini. Ya ce kwandishan motarmu ba ya sanyi, zai bi Marlene. Na ga ya nufi wajenta."

"Kin ga ya shiga?"

"Ban kula ba. Na shiga tamu, barci ya ɗauke ni."

"Gorar ruwansa fa?"

"Tana kan kujerarsa. Kullum mantawa yake yi, ni ke bin sa da ita."

"Jiya ba ki bi shi da ita ba."

"A'a," in ji ta. "Jiya ban bi shi ba."

Sufeto ya sallame ta. Ya daɗe yana kallon ƙofar bayan ta fita.

Ya tarar da Marlene Coulthard a bayan motar kaya tana wanke tukwanen da ba su da datti. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, haifaffiyar yankin.

"Kin yi magana da Clive jiya da safe?"

"A'a. Kaya nake ɗaurewa."

"Mata biyu a ayarin sun ce sun ji muryarki har daga bakin kwazazzabo. Sun ce ba waƙa kike yi ba."

Marlene ta saki tukunyar cikin ruwa.

"To, na yi. Ya zo zai buɗe ƙofata, na ce ba zai shiga ba. Sau biyu na ɗauke shi, yallaɓai. Awa shida yana koya mini tuƙi, yana gyara mini sunayen duwatsun da kakata ta haifi uwata a gindinsu. Na ce masa, 'Baba, yau ka je ka koyar da wasu.' Ya ce zai kai ƙarata. Ya saɓa kyamararsa ya juya cikin kwazazzabo, wai akwai hoton da bai ɗauka ba. Ni kuma na ja motata."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Saboda da na bar shi ya shiga, da yanzu yana can ƙarƙashin rumfa yana ƙorafin shayi." Ta tsamo tukunyar daga ruwa. "Tun jiya abin da ke yawo a kaina ke nan."

"Wa ke kusa lokacin da kika hana shi?"

Marlene ta ci gaba da murza soso.

"Marlene."

"Beryl," ta ce. "Tana tsaye kamar daga nan zuwa tayar can. Har ta ce mini in yi haƙuri, haka yake."

Rana na gab da faɗuwa Sajan Maynard ya iso, motarsa ta yi jajir da ƙasa. Ya ajiye kyamara a kan tebur.

"Kilomita uku daga kwazazzabon ya yar da ita. Ina jin nauyi ta yi masa. Dubi hoton ƙarshe, yallaɓai."

Sufeto ya duba. Ya ƙara girman hoton, ya sake dubawa. Sannan ya kashe kyamarar ya ce a bar matar mamacin ta kwana.

Da safe bayan karin kumallo ya sa aka kira Beryl. Ya gaya mata ba dole ba ne ta ce komai, kuma duk abin da ta faɗa za a rubuta. Ta gyaɗa kai.

"Kin ce Clive ya nufi motar Marlene. Gaskiya ne. Abin da ba ki faɗa ba shi ne kina tsaye aka hana shi shiga."

"Ban ji abin da suka ce ba."

"Kin ba Marlene haƙuri."

Ta kawar da kai.

Sufeto ya juya mata fuskar kyamarar. Hoton bayan farar motar Warwick ne tana tafiya, ƙasa na tashi a bayanta. An ɗauke shi daga kan dutse, da madubin da ke jawo nesa. A tagar baya akwai fuska guda, ta juyo sosai, tana kallon mai ɗaukar hoton.

"Ƙarfe goma da minti huɗu," in ji Sufeto. "Wannan barci ne, Beryl?"

Ta ciro tabarau daga aljihu ta saka. Ta daɗe tana kallo.

"Hoto ya ɗauka," ta ce. "Bai ma ɗaga hannu ba. Shaida yake tarawa don ya kai ƙara. Clive ke nan."

"Gaya mini abin da ya faru."

Ta cire tabaran ta riƙe a hannu.

"Shekara arba'in da uku muna tare. Bai taɓa duka na ba, kada ka rubuta haka. Gyara ni yake yi. In na ce ran Talata ne, ya ce Laraba. In na fara ba da labari, ya karɓe ya ƙarasa. A gida na saba. Amma a motar nan, kwana tara, gaban baƙi. Shekaranjiya da safe ana shan shayi, wata ta tambaye ni aikin da na yi. Na buɗe baki, ya ce, 'Beryl ba ta taɓa yin wani abu da za a ba da labari ba.' Aka yi dariya, don ba su san abin da za su yi ba. Ni ma na yi."

Sajan Maynard ya daina rubutu, Sufeto ya yi masa alama ya ci gaba.

"Da Warwick ya tambaya, maganar fita kawai ta yi. Na ce a raina, minti goma. Ya tsaya a rana minti goma ya ji yadda ake ji in ba a kula da mutum ba, sannan in ce, af, na yi kuskure. Na waiwaya na gan shi a kan dutsen."

"Bayan minti goman fa?"

"Sai na tuna abin da zai ce in mun koma. Gaban kowa. Na ce bari a ƙara kaɗan. Da aka yi awa guda, sai na ga in na yi magana yanzu dole su tambaye ni dalilin da na yi shiru. Muka tsaya cin abincin rana gindin famfon ruwa mai aiki da iska. Warwick ya miƙo mini burodi da nama ya ce, 'Yau kin samu hutu, Beryl.' Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na karɓi burodin."

"Kin san babu ruwa a wurin?"

"Warwick ya faɗa tun da muka sauka. Gorarsa kuma tana gefena, tana gungurawa duk ramin da muka faɗa. Na yi ta ce wa kaina wata mota za ta wuce."

"Mota ɗaya ke bin hanyar nan a kwana uku."

"Na sani. Shi ma an faɗa."

Ta ɗago ta dubi Sufeto ido cikin ido. Sai a lokacin hawaye suka zo.

"Ga abin da ya hana ni barci, Sufeto. Wata mata daga Hobart ta dawo kusa da ni, muka yi ta hira. Na ba ta labarin lambuna, da shekarun da na yi ina aikin jinya, tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse ni. Muka ga raƙuman daji, na yi ihu kamar yarinya. Awa shidan nan su ne mafi daɗi a duk tafiyar. Yana can yana tafiya a rana, ni ina jin daɗi. Ka rubuta wannan ma."

Sufeto Tulloch ya shekara talatin yana aikin nan, ya kama mutanen da ya ji daɗin kama su, amma ban da wannan. Ya miƙe a hankali.

"Beryl Hannaford, na kama ki bisa zargin jawo mutuwar mijinki. Sauran bayani sai gaban alƙali."

"Warwick da Marlene fa? Kada a ɗora musu."

"Warwick zai amsa tambayoyi kan takardarsa. Marlene ba ta yi laifin da doka ta sani ba."

"A gaya mata haka. Ba za ta yarda ba, amma a gaya mata."

Sajan ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza kai. Suka fito da ita tsakaninsu. 'Yan ayarin da ke ƙarƙashin rumfa suka miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Warwick ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Marlene ba ta fito daga bayan motarta ba.

Jirgin ya riga ya tafi da gawar tun jiya, don haka a motar Sajan za su koma Alice Springs. Sufeto ya buɗe mata ƙofar baya. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya.

"Ta wace hanya za mu bi?"

"Hanya ɗaya ce, Beryl."

"Za mu wuce ta inda aka same shi ke nan."

"Za mu wuce."

Ta dubi jar hanyar da ta miƙe har inda ido ya ƙare.

"In mun zo wurin, ku tsaya," ta ce. "Kilomita tara ya yi. Ina so in sauka in ga iya nisan."

Sufeto ya ce za su tsaya. Ta shiga, ya rufe ƙofar, Sajan ya tayar da mota.