Shuɗin Ƙasar Gonar Djougou

Ƙarar ta iso teburin Sufeto Ishaƙu a Parakou da safe. Ƙungiyar mata manoma ta sayi gona a Djougou bisa takardar wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, wadda ta ce ƙasar cike take da fosfor, sinadarin da ke ciyar da shuka, ba ta buƙatar taki. Masara kuwa ba ta karanta takardar ba. Ta tsaya iya gwiwa.

Mai labo ya riga ya dakatar da Saratu, mai yin awon. Kurkuku ya rage mata.

"Madam, yaya ake awon?" in ji Sufeto.

"A busar da ƙasa, a tankaɗe, a girgiza da ruwan magani, a tace. Sai a ɗiga wani maganin, ruwan ya koma shuɗi. Yawan shuɗi, yawan fosfor."

Ta sake awon da ragowar ƙasar a gabansa. Ruwan ya fito kamar na marina.

"Abin da ya ƙi wuce rariya fa?"

"Ina ajiyewa. Dariya ake mini."

Ta ɗauko ƙullin da ta ajiye na ƙasar, ta zazzage. Cikin tsakuwa akwai farare-farare masu baƙin gefe. Sufeto, ɗan mahauci ne kafin gwamnati ta ba shi hula, ya murza ɗaya a yatsunsa.

"Ƙashi na da fosfor?"

"Sosai."

A Djougou ya samu Rachidou, dillalin gonar, wanda ya kawo ƙasar.

"Ina ka ɗebo ta?"

"A gonar mana, ranka ya daɗe! Wuri ashirin, nan da can, yadda mutanen labo suka koya mini."

Suka zaga gonar. Jar ƙasa ce, ko kaza ba a taɓa yankawa a kanta ba.

"Wannan ƙashin saniya ne, ƙonanne," in ji Sufeto, yana buɗe ƙullin. "Wa ke ƙona ƙashi a danginku?"

Rachidou ya leƙa ƙullin, sannan ya amsa.

"Yayana, bayan mahauta. Na ga alayyahu na haukar fitowa a wurin. Buhu ɗaya kawai na ɗiba. Ai duk ƙasar Djougou ce."

"Haka ne. Kwamisariya, ofishinmu na 'yan sanda, ma a kanta take. Mu je."

Washegari Saratu ta koma aiki. Mai labo ya yi jawabi cewa shi dama bai taɓa zarginta ba. Ita kuwa ta ci gaba da tankaɗe.